Aikin Baƙunta na Maman Masi

Agnes ta zo Talata Mafara tana amarya, a gaban motar da ta kwaso kayan mijinta daga Zuru. Mijin, Isaiah, makanike ne mai gyaran injinan ban ruwa a gonakin Bakolori, ya kama ɗaki biyu a wani gidan haya kusa da hanyar Sakkwato. A gidan ta haifi 'ya'yanta huɗu, a nan kuma mijin ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Bayan rasuwarsa yara suka girma suka watse, wannan Kaduna, wancan Zuru, ita ta ci gaba da zamanta. Mutanen unguwa ba su faye kiran sunanta ba. Da sunan babbar 'yarta Mercy suke kiranta, wanda bakinsu ya mayar Masi.

Sana'arta suyar ƙosai da safe, da yamma kuma kifin da masunta ke kawowa daga dam. Tana zuwa suna da biki a gidajen maƙwabta. Da Babbar Salla naman layya har ya yi mata yawa, ita ma ranar Kirsimeti takan cika languna da shinkafa ta aika gida-gida.

Cikin yaran da suka taso suna sayen ƙosanta akwai Ramla, 'yar Alhaji Sufyanu mahauci. Ramla ta yi karatu mai nisa, ta zama malama a wata kwalejin horar da malamai, ta kuma shiga karatun digiri na uku a kan yadda hankalin ƙananan yara ke girma. Wata ranar Juma'a bayan la'asar ta yi sallama a gidan Agnes, ta same ta tana gyaran kifi. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da gida da yara da masu jiki, sannan Ramla ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna.

"Mama, aiki na zo in ba ki, in za ki iya."

"Wane iri, Malama? Abincin taro?"

"A'a. Baƙuwa nike nema."

Agnes ta ajiye wuƙa ta dube ta. Ramla ta yi mata bayani a hankali. Akwai wata hanya da masu nazarin yara ke bi don su gane yadda yaro ɗan shekara ɗaya ya shaƙu da mai renonsa. Ana shimfiɗa tabarma a ɗaki, a zuba kayan wasa. Uwa ta shiga da ɗanta. Can sai wata mace da yaron bai taɓa gani ba ta shigo, ta zauna, ta gaisa da uwar, ta ɗan yi wa yaron wasa. Sai uwar ta sulale ta fita. Bayan ɗan lokaci kaɗan ta dawo.

"To ai kuka zai yi," in ji Agnes.

"Wasu za su yi, wasu ba za su yi ba. Ba kukan munka fi dubawa ba. Abin da yaro ka yi in uwa ta dawo, shi muke so mu gani. Ya ruga wurinta? Ya yi shiru in ta ɗauke shi? Ko ya kau da kai?"

Ramla ta ce ita ba za ta iya zama baƙuwar ba, don sai ta shiga gidajen tun da farko neman izini, yara sun riga sun ga fuskarta. Ɗalibanta 'yan mata ne, dariya ke kama su. Matan ƙauyukan da za ta yi aikin kuwa, kowacce ko gwaggon wani ce ko maƙwabciyarsa. Tana buƙatar dattijuwa mai sanyin hali, mai jin Hausa, wadda babu yaron da ya san ta a Morai da Birnin Tudu da Tsibiri.

Agnes ta yi dariya. Ta ce ta fi shekara talatin a ƙasar nan, ba ta zaci za a ɗauke ta aiki don baƙunta ba. Ta nemi a ba ta kwana biyu ta yi shawara da Mercy, wadda ke aikin jinya a Kaduna. Mercy ta ce ta je, ko ba komai za ta huta da hayaƙin kasko.

Sai da aka koya mata aikin. A tsakar gidanta suka riƙa gwadawa, matashin kai a matsayin yaro. Dokokin ba su da yawa amma sun saɓa wa duk abin da ta saba. Kada ta shigo da fara'a mai yawa. Kada ta miƙa hannu ta ɗauki yaro da zuwanta. Kada ta ba shi alewa ko ƙosai. Zane iri ɗaya za ta riƙa ɗaurawa, babu turare, don kada wani yaro ya ga baƙuwa mai ƙamshi wani ya ga wadda ba ta da shi. In yaro ya yi kuka ta gwada rarrashinsa, in kukan ya tsananta a kira uwar nan take, a tsayar da gwajin. A kusurwar ɗakin akwai waya a kan ƙafafu uku tana ɗaukar hoton bidiyo. Ramla da wata malama a jami'a su kaɗai ke kallon bidiyon, kowacce ita kaɗai, kowacce ta rubuta abin da ta gani, sannan su gwada ko sun yi daidai.

Neman izini ya ci watanni. Ramla takan fara da mai gari, sannan magidanta, sannan matan da kansu. Wasu mazan sun ce ba za a ɗauki hoton matansu ba. Aka daidaita da wasunsu cewa za a sunkuyar da wayar ta kalli tabarma, a ga yaro da hannun uwa kawai. Waɗanda suka ƙi gaba ɗaya aka yi musu godiya aka wuce.

A Morai aka fara, ranar Asabar, a wani ajin firamare da aka share aka fitar da bencina. Yaro na farko wani ɓulɓul ne, ya samu murfin kwano yana bugawa a ƙasa, bai ma san uwarsa ta fita ba sai da ta dawo. Na biyu kuwa tun shigowar Agnes ya ƙanƙame zanen uwarsa, da ta fita ya tsala ihu har jijiyar wuyansa ta tashi. Agnes ta matso ta kaɗa masa kacau-kacau, ya ture. Ramla ta buɗe ƙofa ta turo uwar.

A mota kan hanyar dawowa, da suka kusa gari, Agnes ta juyo ta dubi Ramla.

"Malama, ni dai ban taɓa sa ɗan wani kuka da gangan ba."

"Na sani, Mama. Amma ki duba, bai kai lokacin da uwarsa ka ɗauka in ta shiga wanka ba. Kuma kin ga yadda ya yi shiru da ta ɗauke shi."

"Na gani."

"In kinka ga ba ki iyawa, ki hwaɗa mini. Ba zan ji haushi ba."

Agnes ta ce za ta ƙara gwadawa Asabar mai zuwa. Ta gwada, ta kuma ci gaba. Abin da ya fi ba ta wuya har ƙarshen aikin shi ne zama da hannu a cinya yaro yana kallonta da hawaye, alhali ta san da za ta goya shi ta ɗan zagaya da tuni ya yi barci. Sau ɗaya a Birnin Tudu ta manta ta ɗauki wata yarinya ta fara yi mata waƙar reno da harshen garinsu. Yarinyar ta yi shiru. Ramla ta cire wannan gwajin daga cikin waɗanda za a duba, ta ce babu laifi, amma ba za a iya gwada shi da sauran ba tunda abin da aka yi wa yarinyar daban ne.

A Tsibiri suka haɗu da Husna. Uwarta Khadija ba ta wuce shekara ashirin ba, Husna ce 'yarta ta fari. Surukarta, wata doguwar tsohuwa da ake kira Inna Yari, ita ta goyo yarinyar har ƙofar ɗakin, ta kwance ta miƙa wa Khadija, ta zauna a waje a kan dakali.

A cikin ɗakin Khadija ta ajiye yarinyar a tabarma ta koma gefe ta sunkuyar da kai. Ba ta kira sunanta ba, ba ta miƙa mata abin wasa ba. Agnes ta shigo ta yi abin da aka koya mata. Khadija ta fita, Husna ba ta ɗaga kai ba. Khadija ta dawo, Husna ta dube ta sau ɗaya, ta rarrafa ta wuce ƙafafunta ta nufi ƙofa, inda take jiyo tarin kakarta.

A ma'aunin da aka zo da shi daga ƙasashen waje, yaron da ya yi haka ana sa shi cikin masu gudun uwa. Ramla ta san ba haka abin yake ba. Ita ma 'yar fari ce, har yau mahaifiyarta ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kunya, a ɗakin kakarta ta tashi. Ta yi tsammanin za ta haɗu da irin wannan, sai dai ba ta zaci zai yi yawa haka ba. Kusan duk 'ya'yan fari da suka gwada abin da suka yi ke nan. Ta koma jami'a, suka yi ta kai da komo da malamin da ke duba aikinta, daga ƙarshe suka sauya tsarin. Kafin a shiga ɗaki za a fara tambayar gida: wa ke goya yaron, a ɗakin wa yake kwana, wurin wa yake rugawa in ya faɗi. Da wannan za a shiga da shi. Aka kuma ƙara zuwa gidaje a zauna a ga yadda yini ke wucewa.

Bayan wata biyu aka sake kiran Husna, wannan karon da kakarta. Ramla ta rubuta a takardarta cewa yarinyar ta taɓa ganin baƙuwar, don mai karantawa ya sani. Inna Yari na fita Husna ta saki abin da ke hannunta ta bi ƙofa da kuka. Tsohuwar na dawowa ta ɗaga hannu biyu, aka ɗauke ta, ta kwantar da kai a kafaɗarta, ba a jima ba ta zame ƙasa ta koma kan wasanta.

Khadija tana tsaye a bakin taga ta ga komai. Da Agnes ta fito shan ruwa, sai ta biyo ta bayan ɗakin.

"Mama, in tambaye ki?"

"Tambaya, ɗiyata."

"Ke nan ni ba ta san ni ba?"

Agnes ta ajiye kofin ruwan. Ta tambaye ta wa ke ba yarinyar nono. Khadija ta ce ita. Ta tambaye ta in sun kasance su biyu a ɗaki babu kowa, tana yi mata wasa? Khadija ta rufe fuska da gyale ta ce tana yi, har tana kiranta da wani suna da babu wanda ya sani.

"To ta san ki. Amma bari in kira Malama, ta fi ni sanin yadda za ta faɗa miki."

Ramla ta zo ta zauna da ita a gindin bishiya. Ta ce mata wannan ba jarrabawa ba ce, babu uwar da ta ci ko ta faɗi. Yaro yana iya shaƙuwa da mutum biyu ko uku, kowa da irin wurinsa. Ta kuma nemi gafararta da aka bar ta tana kallo ba a yi mata bayani tun farko ba. Daga ranar ya zama ƙa'ida, duk uwar da aka shiga da kaka a madadinta sai an zauna da ita kafin a fara.

Tsarin Ramla shi ne a bi yaran nan har su girma, a gan su suna shekara ɗaya, a sake ganinsu suna uku, sannan suna biyar. Ta ce hoto ɗaya ba ya nuna girma, sai an jera shi da na baya. Amma kafin zagaye na biyu hanya ta ɓaci. Direbansu ya fara ƙin zuwa wasu ƙauyukan, daga baya mutanen da kansu suka fara tasowa saboda 'yan bindiga. Wasu suka nufi Gusau, wasu Sakkwato, wasu ba a san inda suka yi ba. Ramla ta yi ta bin lambobin waya, da yawa ba sa shiga.

Gidaje da dama daga wajen Tsibiri a Talata Mafara suka sauka, wasunsu a unguwar su Agnes. Sahabi, mijin Khadija, ya kama ɗaki a bayan gidanta, ya shiga dillancin shanu a kasuwar ranar Talata. Gidan da suka kama babu rijiya, sai suka riƙa ɗiban ruwa a nata. Da safe yaran unguwa, tsofaffi da sababbi, suna zagaye da kaskonta.

Lokacin da Ramla ta so gwada ƙannen yaran farko, waɗanda suka kai shekara ɗaya a gari, aka shirya ɗaki a wata makarantar Islamiyya. Yaron farko ƙanen Husna ne. Agnes na shigowa da zanenta na aiki, ya washe baki ya rarrafo ya hau cinyarta yana laluben ko ta zo da ƙosai. Ramla ta kashe wayar.

"Mama, aikin nan ya ƙare miki," ta ce tana dariya.

Aka samo wata mata daga Bakura, Agnes ta koya mata aikin. Ta nuna mata yadda za ta zauna, da inda za ta ajiye idonta, da yadda za ta riƙe hannunta in yaro yana kuka. Agnes ta yi kwana biyu abin yana damunta fiye da yadda ta zata, don ta saba da fitar Asabar.

Ramla ba ta sallame ta ba. Ta mayar da ita kan zaman gidaje, wanda shi kuma sanayya yake buƙata. Agnes takan shiga gida da hantsi, ta zauna a gefe da ɗan tsintar wake a faifai, har mutanen gida su manta da ita. Tana lura da wanda ke ɗaukar yaro in ya yi kuka, da wanda ke yi masa magana, da abin da yake wasa da shi. In ta fito sai ta faɗa wa waya duk abin da ta gani ta tura wa Ramla. An hore ta ta faɗi abin da ya faru kawai. Kada ta ce yaro ya yi fushi, ta ce ya jefar da kofi ya juya baya. Wannan ma ya ɗauke ta lokaci, don ita mai son ba da labari da ma'anarsa ce.

A cikin wannan zaman ne Inna Yari ta rasu, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Husna tana shekara uku da wani abu. Ta yi makonni ba ta magana sosai, ba ta fita wasa. Takan zauna a inda tabarmar kakar take. Agnes ta tambayi Ramla ko ta daina zuwa gidan da sunan aiki. Ramla ta ce a tambayi masu gidan. Khadija ta ce ta ci gaba da zuwa, amma ta bar wayar a gida har a yi sadakar arba'in. Haka aka yi.

Da aka koma aiki, abin da Agnes ta riƙa turawa ya sauya. Yau Husna ta bi uwarta rijiya tana riƙe da bakin zanenta. Yau ta faɗi, ta tsaya tana dube-dube, sannan ta je wurin uwarta. Yau Khadija tana tankaɗe, ta kira Husna da suna a gaban mutane, matar mai gidan hayar ta ɗago kai ta dube ta, Khadija ba ta fasa ba.

A zagaye na uku yaran sun kai shekara biyar, an daina maganar baƙuwa. Wasanni ake yi musu. A ɗaya daga ciki Agnes takan riƙe 'yar tsana ta sa ta ɓoye dabino a ƙarƙashin ƙwarya, 'yar tsanar ta tafi kasuwa, sai a mayar da dabinon cikin kwano tana can. A tambayi yaro: in ta dawo, ina za ta fara dubawa? Ƙananan yara kan nuna kwano, don nan suka san dabinon yake. Waɗanda hankalinsu ya kai sukan nuna ƙwarya. Husna ta nuna ƙwarya, ta ƙara da cewa ya kamata a gaya wa 'yar tsanar gaskiya tunda dabinon nata ne.

Cikin yaran da aka fara da su, waɗanda aka samu har ƙarshe ba su kai biyu bisa uku ba. Ramla ta rubuta hakan a littafin digirinta, ta ce ba ta san yadda sauran suka kasance ba, kuma mai yiwuwa su ne suka fi shan wahala, don haka a yi hattara da sakamakon. Bayan ta kammala ta tara matan a tsakar gidan mahaifinta, aka yi tuwo da miyar nama. Ta tsaya ta gaya musu abin da aka gano da Hausa mai sauƙi: yaran da ke da wani babba tsayayye da suke komawa wurinsa, uwa ce ko kaka ko gwaggo, sun fi saurin komawa wasa da magana bayan tashin hankalin ƙaura. Wata tsohuwa ta ce ai sun san wannan. Ramla ta ce haka ne, amma yanzu an rubuta shi yadda masu tsara taimako za su iya karantawa. Ta ambaci sunan Agnes a cikin waɗanda suka yi aikin, matan suka juya suna kallonta, ita tana can tana raba ruwa.

Yanzu gwiwa ta fara damun Agnes. Ta bar wa Khadija suyar kifin yamma, ita ta tsaya a ƙosai. Husna tana aji biyu a firamare. Ramla tana neman tallafin da za ta sake ganin yaran in sun kai shekara goma, ta kuma ce tana so Agnes ta kasance cikin aikin. Agnes ta ce in a gari ne babu damuwa, amma in za a je Birnin Tudu sai a samo mota mai ƙasa-ƙasa, don ba ta iya hawan waccan doguwar da suka saba shiga.